Sharhi kan rubuta inbois da Excel da matsalar kwanan wata mai sauyawa

Ni ne nake kula da lissafin wani shagon kayan gini, kuma da manhajar Excel nake rubuta inbois ɗin da muke bai wa abokan ciniki, musamman 'yan kwangila masu ɗaukar siminti da rodi bashi. Ta fuskar tara kuɗi, cire rangwame da ƙara harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, ban ga abin kushewa ba, domin da zarar an tsara shafin sau ɗaya, aikin yana tafiya daidai. Inda ake buƙatar natsuwa shi ne gurbin kwanan wata.

Samfurin inbois da na sauke daga intanet ya zo da fomular =TODAY() a wannan gurbi. Wannan fomula ba ta ajiye komai, aikinta shi ne ta duba agogon kwamfuta duk lokacin da aka buɗe fayil ta nuna ranar da ake ciki. Saboda haka inbois ɗin da aka rubuta ranar 28 ga Maris, idan aka buɗe shi a watan Mayu, zai fito da kwanan Mayu, kuma wa'adin biya na kwana 30 da aka ɗora a kansa shi ma zai matsa gaba. Na ga ɗan kwangila tsaye da takardar da muka buga masa a hannu, alhali allon kwamfuta yana nuna wata rana daban, kuma duk da cewa babu wanda ya yi nufin ha'inci, irin wannan saɓani yana taɓa amanar da ciniki ya ginu a kanta. Ga mai biyan haraji wata-wata kuma, cinikin wani wata yana iya faɗawa cikin wani. Alamar da za ta sanar da kai ita ce Excel zai tambaye ka ko zai adana sauyi lokacin rufewa, ko da ba ka taɓa komai ba.

Ba na ɗaukar wannan a matsayin aibin manhajar, domin haka aka ƙera fomular, kuma tana da amfani wajen ƙirga kwanakin da bashi ya yi ba a biya ba. Hanyar da ta fi kwanta mini a rai ita ce mafi sauƙi: a goge fomular daga samfurin, sannan a ranar rubuta inbois a danna Ctrl tare da madannin ; (semicolon) a lokaci guda. Nan take kwanan ranar zai shiga a matsayin lamba tsayayya, domin Excel yana ƙirga ranaku ne daga 1 ga Janairu 1900, shi ya sa 1 ga Janairu 2024 take zama 45292 a wurinsa. Wanda ya fi son barin fomular yana iya kwafe gurbin ya liƙa shi ta Paste Special ya zaɓi Values kafin ya adana, sai dai ranar da jama'a suka cika shago, mantawa da wannan mataki abu ne mai sauƙi.

Na gwada dabarar tsayar da kwanan da fomular da ke komawa kanta, wadda sai an kunna saitin Enable iterative calculation take aiki, amma ban gamsu da ita ba, saboda Excel yana bin tsarin fayil ɗin da aka fara buɗewa, kuma hakan na iya sa ta daina aiki a kwamfutar wani. Makro, wato ƙaramin shirin umarni da ake rubutawa a cikin Excel, yana yin aikin da kyau, amma dole a adana fayil a siffar da ke ɗaukar makro, kamar xlsm, ba ya aiki a manhajar waya, kuma tun 2022 Microsoft ke toshe makro a fayilolin da suka zo ta intanet. Ga shagon da mai gida ke duba lissafi a wayarsa, wannan babban cikas ne.

Yanzu kowane inbois ina fitar da shi a siffar PDF kafin in tura ta WhatsApp, kuma ina saita gurbin ya rubuta sunan wata da haruffa, domin 03/04 a kwamfutar da ke bin tsarin Amurka tana nufin 4 ga Maris, a namu kuwa 3 ga Afrilu. Tsofaffin fayilolin da fomular ta riga ta sauya musu kwana kuwa, sai da na koma ga kwafin da aka buga da littafin shiga da fitar kaya kafin na mayar da kowanne ranarsa.