Kabarin Balewa ko Laburaren Obasanjo?

Idan wuri ɗaya kawai za ka iya ziyarta, tsakanin kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi da laburaren Olusegun Obasanjo da ke Abeokuta, wanne za ka zaɓa?

Laburaren, wanda aka buɗe a 2017, an kwaikwayo shi ne daga tsarin laburaren shugabannin ƙasa na Amurka, wanda Shugaba Franklin Roosevelt ya fara a 1941. Akwai takardu da hotuna, har da kwatankwacin ɗakin kurkukun Yola inda aka tsare Obasanjo zamanin Abacha. Ga otal, ga gidan namun daji. Sai dai mai labarin yana raye, kuma shi ya zaɓi abin da za a nuna. Wanzami kuwa ba ya son jarfa.

Kabarin na Bauchi ba shi da wannan ƙawa. Ɓalewa bai tsara komai ba, domin kashe shi aka yi a juyin mulkin Janairun 1966. Za ka bi wani lungu mai duhu, a hankali haske ya bayyana, sai ga kabarin a fili, babu rufi. A gefe akwai 'yan kayansa, irin su agogo da rediyo.

Mai bincike ya nufi Abeokuta. Ni dai Bauchi zan je, in yi wa Ɓalewa addu'a.