Wace Ashana Ya Kamata Ka Saya?

In dai kunna risho ne ko hura gawayi, ni zaɓina ashanar kwali ce mai tsinken itace, wadda ba ta kamawa sai an ƙyasta ta a gefen kwalinta. Daga Suwidin dabarar ta fito. Gustaf Erik Pasch ne ya yi mata rajista a 1844, 'yan'uwa Lundström na garin Jönköping suka gyara ta suka baza a duniya. Hikimar ita ce raba sinadaran gida biyu: jan fosfaras a gefen kwali, sauran a kan tsinke. Shi ya sa ko ta gogu a aljihu ba ta tashi da wuta.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bayan John Walker ya fara sayar da tasa a Ingila a 1827, waɗanda suka biyo baya sun koma farin fosfaras, gubar da ke ruɓar da ƙashin muƙamuƙin ma'aikata. Yana cikin koke-koken 'yan matan masana'antar ashana ta Bryant and May da suka yi yajin aiki a Landan a 1888, kuma sai a 1906 aka ƙulla yarjejeniyar hana shi a birnin Bern na Suwizalan.

Laita kuwa gas ɗinta kan ƙare ba sallama, kuma kafin ta kai lagwani ta lashe maka yatsa. Ashanar takarda lanƙwashewa take. Ƙyastun kakanninmu sai mai haƙuri.

Babbar matsalar jabu ce. Na taɓa ƙyasta wata, kan ya tsinke da wutarsa ya huda mini sabuwar shadda, don haka kan nake fara dubawa. Murza shi da yatsa. In ya marmashe, ajiye. Mai kyau ana tsoma tsinkenta cikin kakin kyandir don wuta ta kama itacen, kuma in ka hure ta, ta mutu ke nan. Jabu sai ta ci gaba da ja kamar garwashi, irinta ce ke cinye tabarma.

Duba gefen kwali ma. Wasu shafa ɗaya suke yi masa, kafin ka ci rabin tsinkayen ya suɗe. Girgiza kwalin, in ƙarar ta yi yawa an rage ciki. Kar ka yarda da hoton da ke jiki, kwaikwayonsa ake yi. In dozin za ka ɗauka, ce wa mai tireda: "Malam, buɗe ɗaya mu gwada." Da damina kuma nemi wadda ledarta ba a yage ba, ka adana ta cikin gwangwani mai murfi, nesa da randa.