Sabon kamfani mai saurin bunƙasa ko tsohon kamfani mai tsari: amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya

'Yar'uwa, na karanta tambayarki sau biyu kafin in amsa. Kin ce shekararki 4 a wani babban kamfani da ya daɗe da kafuwa, sai ga wani sabon kamfani da bai cika shekara 3 ba, wanda ke ta ɗibar ma'aikata kowane wata, ya yi miki tayin muƙamin da ya fi naki tare da alƙawarin hannun jari. Kina so ki ji yadda zaman aiki yake a irin wannan wuri idan aka jera shi da inda kike. Na zauna a duka biyun, kuma na fi daɗewa a sabon, don haka bari in faɗa miki abin da idona ya gani, in haɗa da labarin wasu kamfanonin da duniya ta sani.

Abin da ba wanda ya gaya mini kafin in shiga shi ne, kamfanin da ya yi miki intabiyu yau ba shi za ki tarar baɗi war haka ba. Sunan yana nan, tambarin yana nan, amma gidan ya sauya. Lokacin da na kama aiki ba mu kai mu 20 ba, ɗaki ɗaya muke zaune, mai tambaya kujera kawai zai juya. Kafin in bari mun haura 200, har nakan haɗu da mutum a matakala ban san ko abokin aiki ne ko baƙo ba. Ki yi lissafin da kanki. Mutum 10, in kowa zai yi hulɗa da kowa, igiyoyin da ke tsakaninsu 45 ne. In sun zama 50, igiyoyin sun koma 1,225. In sun kai 150, sun zama 11,175. Wani masani ɗan Birtaniya, Robin Dunbar, ya kawo a 1992 cewa mutanen da ɗan'adam zai iya riƙe hulɗa mai ɗorewa da su ba su wuce wajen 150 ba. Masana na muhawara kan ainihin adadin, amma duk wanda ya zauna a kamfani mai tasowa yana iya tuna watan da sanin juna ya ƙare. Daga nan maganar da a da ake gamawa a tsaye sai ta buƙaci taro, labarin da kowa ke ji a take sai ya tsaya a hannun 'yan kaɗan, tsofaffin hannu su fara ganin sabbi ba su san wahalar da aka sha ba, sabbin kuma su ga an ware su. Tsohon kamfaninki ya ƙetare wannan siraɗin tun kafin ki zo. Tsarin da kike jin ya yi miki nauyi a can, yawancinsa maganin irin wannan ciwon ne da wasu suka sha kafin ke.

A ɓangaren koyon aiki kam, sabon kamfani ya yi wa tsohon fintinkau. A tsohon an yanka miki gonarki, kin san iyakarta, wanda ke kusa da ke ma ya san tasa. Za ki ƙware sosai a abu ɗaya, kuma akwai waɗanda suka shekara 15 suna yinsa da za su gyara miki kuskure. A sabon kuwa, duk abin da ya faɗo ba mai shi, wanda ya fi kusa shi ke ɗauka. A shekarata ta farko na rubuta kwantiragi, na zauna da masu sayen hajarmu, na yi wa masu neman aiki intabiyu, kuma ba ko ɗaya a cikin takardar kama aikina. Abin da na koya a wata 12 ya fi na shekara 3 a wancan wurin. Illarsa ita ce, sau da yawa ba wanda ya fi ki sanin aikin da zai ce miki kin karkace, sai ki ɗauki tsawon lokaci kina maimaita kuskure ɗaya kina zaton daidai ne. Facebook ya yi shekaru da taken da ma'anarsa ita ce a yi sauri ko da za a fasa abubuwa, amma a 2014 Mark Zuckerberg da kansa ya sauya shi zuwa a yi sauri a kan tubali mai ƙwari. Su ma sun gano cewa wani saurin nawa yake haifarwa.

Inda nake so ki fi natsuwa shi ne maganar shugabanni. A tsohon kamfani, in Allah ya haɗa ki da mugun oga, akwai abubuwan da ke tsaye tsakaninki da shi: rubutacciyar doka, sashen kula da ma'aikata, ogan ogan, wani sashen da za ki iya neman a mayar da ke. Ba kullum suke aiki ba, wani lokacin takarda takan kwana wata 3 a tebur, amma dai akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. A sabon kamfani, halin wanda ya kafa shi shi ne dokar. In mai haƙuri ne da jin shawara, za ki ga kowa yana faɗin ra'ayinsa ba tsoro. In mai tsawa ne, cikin ɗan lokaci manajoji za su koyi tsawa, domin kowa yana kallon abin da ke jawo yabo da ƙarin girma. Hali zanen dutse, kuma kuɗin masu zuba jari ba ya goge shi, sai dai ya ƙara fito da shi.

Ga kuma wata matsalar da saurin girma ke haifarwa da kansa. Ana buƙatar shugabannin sashe da gaggawa, sai a ɗauko wanda ya fi kowa iya aikin hannu a ce daga yau kai ne manaja. Mutumin kirki ne, gwani ne a fanninsa, amma bai taɓa jagorantar ko mutum 2 ba, kuma ba wanda ya koya masa yadda ake raba aiki, ko yadda ake gaya wa mutum ya gaza ba tare da an ci masa fuska ba. Tun a 1972 wani malamin harkar gudanarwa a Amurka, Larry Greiner, ya bayyana cewa kamfanoni na girma ne mataki-mataki, kowane mataki yana ƙarewa da rikici, kuma rikicin farko na shugabanci ne. Shi ne lokacin da waɗanda suka kafa kamfani da basirar ƙirƙira suka tarar da taron jama'ar da ba su iya tafiyar da ita ba. Muƙamin da aka yi miki tayi, ki sani wataƙila ke ce za a ɗora wa wannan nauyin. Ki tambaye su wa zai koya miki.

Tunda ke mace ce, ba zan tsallake wannan ba. A watan Fabrairun 2017 wata injiniya da ta yi aiki a Uber, kamfanin hayar mota ta manhajar waya, mai suna Susan Fowler, ta rubuta yadda manajanta ya neme ta da lalata, ta kai ƙara sashen kula da ma'aikata, aka ce mata laifinsa na farko ne kuma mutum ne mai ƙwazon aiki. Kamfanin a lokacin shekararsa wajen 8, yana bunƙasa kamar wutar daji. Rubutun nata ya sa aka gudanar da bincike, aka sallami mutum 20, kuma a watan Yunin shekarar shugaban kamfanin Travis Kalanick ya sauka bisa matsin masu zuba jari. Cin zarafi yana faruwa a tsofaffin kamfanoni ma, ba wanda zai musa. Amma inda ake tseren girma, akwai jarabar rufe ido ga duk wanda ke kawo kuɗi, kuma sashen karɓar ƙorafi shi ne ake barin ginawa sai ƙarshe. A inda na yi aiki mun haura mutum 70 kafin a ɗauki wanda aikinsa kenan. Kafin nan, wata abokiyar aikina da ke da ƙorafi a kan shugaban sashenta ba ta da wurin kai wa sai wajen mai kamfanin, wanda aminin mutumin ne tun suna makaranta. Shiru ta yi har ta samu wani aikin ta tafi. Har yau abin yana ci mini rai.

Za ki ji ana yawan cewa mu nan dangi ne. A farko gaskiya ce, domin mutanen da suka kwana tare suna gyara abin da ya lalace sukan shaƙu da gaske, kuma wasu daga cikin aminaina na yau a can na same su. Irin wannan shaƙuwar ban same ta a tsohon kamfani ba, inda ake gaisawa a mutunce, a tashi a kan lokaci, kowa ya kama gabansa. Sai dai kalmar dangi tana sa mutum jin kunyar tambayar haƙƙinsa. Saƙo ya shigo ƙarfe 11 na dare ki ji nauyin ƙin amsawa, hutunki na shekara ya zo ki ji kamar kin gudu kin bar 'yan'uwa da kaya. Netflix, kamfanin nuna fina-finai ta intanet, a bayanin al'adun aikinsa da ya wallafa a 2009, cewa ya yi su ƙungiya ce irin ta 'yan wasa, ba dangi ba. Maganar tana da ɗaci, amma na fi ganin girman wanda ya faɗa mini haka tun farko.

Kada ki ɗauki dogon lokacin aiki abin wasa. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021 ya nuna cewa masu aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a wajensu ya ƙaru da kashi 35 cikin 100, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17, idan aka kwatanta da masu yin awa 35 zuwa 40. Mako 2 na tsananin aiki kafin a fitar da sabuwar haja jiki zai ɗauka. Amma in gaggawar ta zama ta kullum, to ba a ɗauki isassun ma'aikata ba ne, kuma lafiyarki ce ke cike gurbin.

Sai maganar hannun jari, wadda na san ita ta fi jan hankalinki. Yawanci abin da ake bayarwa dama ce ta sayen hannun jari nan gaba a kan farashin da aka tsayar yau. Tsarin da ya fi yaɗuwa, musamman a kamfanonin fasaha na Amurka da masu koyi da su, shi ne a raba shi a shekara 4. In kin tafi kafin ki cika shekara 1 ba ki da komai, in kin cika ki samu kashi ɗaya cikin huɗu, sauran ya riƙa shigowa kaɗan-kaɗan. In kin bar aiki, galibi kwana 90 ake ba ki ki biya kuɗin sayen ko damar ta wuce. Kuma ko kin saya, ba ya zama kuɗi a hannu sai an sayar da kamfanin ko ya shiga kasuwar hannun jari, a nan ma masu zuba jari sukan riga ma'aikata karɓa. A farkon 2019 an ƙiyasta darajar WeWork, wani kamfanin bayar da hayar ofisoshi a Amurka, a dala biliyan 47. Kafin shekarar ta ƙare shirin shigarsa kasuwa ya wargaje, Adam Neumann, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, ya sauka daga shugabanci, an sallami ma'aikata 2,400, a Nuwamban 2023 kuma kamfanin ya bayyana karayar arziki. Akwai ma'aikatan da hannun jari ya azurta a wasu kamfanoni, amma ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ki duba albashin tsurarsa, da inshorar lafiya, da fansho, da hutun haihuwa, ki ga ko za su riƙe ki ko da hannun jarin bai haifar da komai ba. Shi ma babban kamfani ba mafaka ce ta dindindin ba, domin Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ya sallami mutum 11,000 a Nuwamban 2022. Bambancin dai shi ne babba yakan samu abin biyan haƙƙin sallama, ƙarami kuwa kuɗinsa kan iya ƙarewa gaba ɗaya.

In da ni ce a matsayinki, ba zan yanke hukunci da abin da aka faɗa a ɗakin intabiyu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, saboda haka zan nemi mutum 2 ko 3 da suka bar kamfanin in ji dalilinsu. Zan tambayi shugabannin kai tsaye wata nawa kuɗin da ke hannunsu zai kai su, mutum nawa suka ɗauka bara kuma nawa suka tafi, sannan in mace ta samu matsala da ogan sashenta wurin wa za ta je wanda ba abokinsa ba. Ki lura da fuskarsu lokacin da kika yi tambayar ƙarshen. In kina da nauyin da ba zai jure wata 3 ba albashi ba, ko lafiyarki na buƙatar tashi a kan lokaci, zamanki inda kike ya fi. In kuwa kina da ɗan abin da kika ajiye, kuma kin ji shekara 4 ɗin nan kin daina koyon sabon abu, ni ina ganin ki gwada, da sharaɗi ɗaya: kafin ki sa hannu, ki roƙi a haɗa ki da wanda zai zama oganki kai tsaye, ku zauna ko na awa 1 ne, sannan ki yi magana da wani da ke ƙarƙashinsa ba a gabansa ba. In suka yi ta kewaye-kewaye suka ƙi haɗa ki da su, ki yi musu godiya ki riƙe aikinki.