Matatar ruwa ta gida: wacce ce ke tare ɓurɓushin roba?

Ruwan famfon da ke fitowa daga ma'aikatar tace ruwa ta Malali a Kaduna ya sha aiki kafin ya iso gidanka. An ɗebo shi daga Kogin Kaduna, an zuba masa alam datti ya dunƙule ya kwanta, an bi da shi ta cikin yashi, sannan aka sa kulorin. Alam da yashi suna kama kaso mai yawa na ɓurɓushin roba, wato gutsattsarin da ba su kai milimita 5 ba. Kulorin kuwa ƙwayoyin cuta yake kashewa, babu ruwansa da roba. Ƙananan sosai sukan zille, ga kuma abin da ruwa kan kwasa a hanya: tankin roba da ke shan rana a kan rufi, da jarkar mai ruwa da ta tsufa har ta koɗe.

A rahotonta na 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙwayoyin cuta sun fi ɓurɓushin roba zama abin tsoro a ruwan sha. Don haka kada ka sayi abin da zai tare roba ya ƙyale taifot.

Idan ka shiga shago, ko a Kasuwar Gumi ko a Ahmadu Bello Way, tambayarka ta farko ita ce: ramukan matatar mikron nawa ne? Mikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kai kusan mikron 70 ne. Mai shagon da ya ce maka "Alhaji, wannan komai tana cirewa" amma ya kasa nuna maka lamba a jikin kwali, ka yi masa sallama.

Mafi araha ita ce farar matatar nan da ake sakawa cikin shuɗin gida a jikin bututu, yawanci mikron 5. Tana tare laka da manyan gutsattsari, da damina za ka ga ta koma ruwan ƙasa cikin 'yan makonni. Ita kanta da roba aka yi ta, kuma ba ta tare ƙwayoyin cuta. Mai gadin ƙofa ce, a sa ta kafin tanki.

Wadda na fi karkata gare ta ita ce mai kyandir na yumɓu, tukwane biyu ɗaya kan ɗaya. Ramukan mai kyau ba su kai mikron 1 ba, saboda haka tana riƙe yawancin ɓurɓushin da bakteriya, kuma ba ta neman wutar NEPA. Sai dai ɗiga take yi, babban gida sai an cika ta tun dare. Idan kyandir ya yi dauɗa a goge shi da soso mai tsabta ba tare da sabulu ba, a kuma ɗaga shi a haske a duba, don tsaga ɗaya ta ɓata aikin gaba ɗaya. Ka nemi mai jikin bakin ƙarfe. Ba dabara ba ce ka tace roba sannan ka adana ruwan a roba mai arha.

Na'urar RO, mai tura ruwa da ƙarfi ta cikin wata siririyar fatar tacewa, ta fi kowa tsauri, har gishirin da ya narke tana cirewa. Amma tana son wuta, kuma yawancinsu kan zubar da lita biyu zuwa huɗu kafin su ba ka ɗaya. Mai sayen ruwa a kura a Rigasa ba zai jure wannan ba. Mai rijiyar burtsatse da sola zai iya, muddin ya tabbatar ana samun kayan canjinta a nan Kaduna. Akwai matatar UF a tsakanin RO da mai kyandir, ramukanta ba su wuce mikron 0.1 ba, kuma matsin tanki mai tsayi kan ishe ta.

Fitilar UV, mai haska ruwa da wani haske na musamman, ba ta cire komai daga ruwa, kashe ƙwayoyi kawai take yi.

Tafasawa fa? Wani bincike a ƙasar Sin a 2024 ya nuna cewa ruwa mai barin farin ɓawo a buta kan rasa har kusan kashi 90 cikin ɗari na ɓurɓushinsa idan aka tafasa sannan aka tace. Ruwa marar wannan ɓawo kuwa, kusan kashi 25 ne.

Ruwan gora ba mafaka ba ce. A 2024 masana a Jami'ar Columbia ta Amurka sun ƙirga ɓurɓushin roba kusan guda 240,000 a lita ɗaya ta ruwan gora. Lambar NAFDAC a jikin fiya wata kuma ba za ta faɗa maka kwana nawa ledar ta yi a bayan mota cikin zafin Afrilu ba.