Garin furotin ɗin da na saya a Yamai

Bayan Babbar Salla na fara ɗaga ƙarfe, sai abokan atisaye suka ishe ni da zancen garin furotin, wato sinadarin abinci mai gina tsoka. Na je wani shago a unguwar Plateau na sayo roba mai kilo 2, jika 35. Mai shagon akwai fara'a, shi da kansa ya juya robar ya nuna mini ranar lalacewarta, murfin kuma da hatiminsa. Garin na narkewa a ruwan sanyi ba gudaji, sai dai zaƙi kamar an zuba wa yaro sukari a koko.

Inda muka raba gari da shi, shawararsa ce: wai in riƙa shan cokali 3 kullum. Sati 3 robar ta ƙare.

Ƙanwata da ke karatun likita a Jami'ar Abdou Moumouni ta tarar da ni ina karkaɗe gindin robar. Ta tambayi nauyina, na ce kilo 70. Ta yi lissafi a bayan takardar kuɗin wuta: mai zaman kawai giram 0.8 na furotin a kowane kilo na nauyinsa ya ishe shi a rana, mai ɗaga ƙarfe kamar giram 1.6, wato ni 112. Ƙwai, wake da shinkafa, nono da kilishin da nake ci sun kusa cika wannan, ga giram 72 da nake ƙarawa daga roba.

"Yaya, jiki ba shi da rumbun ajiye rarar furotin," in ji ta. Hanji na farfasa shi zuwa ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, jini ya kai su hanta. Abin da tsoka ke buƙata ta ɗauka. Sauran kuwa hanta ta ɓalle musu ɓangaren naitirojin, shi ke zama amoniya, guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwa. Nan take hanta ta mai da ita yuriya, ƙoda ta tace, ta fita a fitsari. Gangar amino asid ɗin da ta rage a ƙone ta a samu ƙarfi, ko ta koma sukari ko kitse. Wasu masana kimiyya biyu, Krebs da Henseleit, ne suka gano wannan hanyar mai da amoniya yuriya a Jamus a 1932. Abin da ya ba ni dariya, yuriyar nan ita ce sinadarin farin takin da kawunmu ke watsa wa albasarsa a Galmi. Ashe taki nake yi, da tsada.

Ta ce lafiyayyar hanta na iya aikin, amma mai ciwon hanta ko ƙoda kada ya kusanci garin sai ya ga likita. Mai shagon bai tambaye ni wannan ba, ko sau ɗaya.

Na koma na sayi roba ta biyu, don kayansa na gaskiya ne. Cokali 1 nake sha, ranar atisaye kaɗai. Yau wata 2 ke nan, ko rabi ba ta kai ba.