Hattara da masu "gwajin ƙwayar gado" na ciwon gwiwa

Jama'a, akwai wasu mutane da ke bin unguwanni suna kafa rumfa a bakin kasuwa ko kusa da masallaci, sanye da farar riga irin ta asibiti, wai suna gwajin ƙwayoyin gado don gano mai ciwon gwiwa a jininsa. Da mahaifiyata abin ya faru, shi ya sa na kasa yin shiru.

Hajiya ta kai shekara uku tana fama da gwiwar dama, sallah ma a kan kujera take yi. Wata maƙwabciya ce ta ja ta wurinsu. Suka goga auduga a cikin kumatunta, suka sa ta riƙe wani ɗan ƙarfe da aka jona da kwamfuta. Ko minti goma ba a yi ba sai ga takarda mai launi, an zagaye IL-6 da TNF da jan biro. Saurayin da ya yi mata gwajin ya rage murya ya ce mata, "Mama, ƙwayar kumburi kika gada, kuma kin raba wa 'ya'yanki. In ba a wanke ta ba, keken guragu ne ƙarshen abin." Gwajin kyauta ne, maganin "wankin" kuwa naira dubu 45 na wata guda. Adashinta ta kwasa ta ba su, ba ta gaya wa kowa ba.

Abin da ke sa mutane faɗawa shi ne sun ɗauko gaskiya kaɗan sun lulluɓe ƙaryarsu da ita. Mun saba da gwajin AA da AS kafin aure, sai mu ɗauka wannan ma haka yake. To ba haka ba ne. Sikila ƙwayar gado ɗaya ce ke haddasa ta, shi ya sa gwaji ke ba da amsa kai tsaye. Ciwon gwiwa na zaizayewar guringuntsi kuwa yana da hannun gado, amma a warwatse. Wani babban bincike da aka wallafa a 2021, kan mutum sama da dubu 800, ya gano wurare 100 a ƙwayoyin halitta masu alaƙa da ciwon, kowanne da ɗan tasirinsa ƙanƙani. IL-6 da TNF sunaye ne na gaske, sinadaran da jiki ke aika saƙon kumburi da su ne, kuma kowane ɗan Adam yana ɗauke da ƙwayoyin gadonsu, har shi mai jan biron. Masu bincike sun daɗe suna duba ko bambancin da ke cikinsu yana ƙara haɗarin ciwon gwiwa, sakamakon yana cin karo da juna: a gani a wannan al'umma, a rasa a waccan. Kuma gwajin gado na gaskiya ɗakin gwaje-gwaje ake kai shi, ya ɗauki kwanaki. Ƙwayar gado ba datti ba ce balle a wanke ta da ƙwayar magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ke fama da wannan ciwo na gaɓoɓi, miliyan 365 a gwiwa, kuma mata sun fi yawa. Abubuwan da aka tabbatar suna jawo shi sanannu ne: shekaru, ƙiba, tsohon rauni a gwiwa, da aikin da ke yawan sa durƙuso ko ɗaukar kaya.

Asarar kuɗin ma da sauƙi. Kwana uku da fara shan ƙwayoyin, Hajiya ta miƙe tana sujada a ƙasa, tana ta sa musu albarka. Bayan sati biyar fuskarta ta cika ta yi fam, sukarinta ya hau, barci ya ƙaurace mata. Likitan da muka kai ta wurinsa yana ganin fuskar ya tambayi abin da take sha, ya ce alamun sun yi kama da na mai shan sitiroyid, wato magani mai ƙarfi da ke danne kumburi. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan Artri King, da ake tallarsa a matsayin ƙarin abinci na ciwon gaɓoɓi, saboda an samu dexamethasone, wanda sitiroyid ne, da diclofenac, maganin ciwo, a ɓoye a ciki. Robar maganin Hajiya ko lambar NAFDAC babu, sai hoton ganye da lambar WhatsApp, wadda yanzu ba ta shiga.

Idan naku ya riga ya daɗe yana shan irin wannan, kada ku ƙwace robar ku ce ya daina yau. Yanke sitiroyid farat ɗaya yana da haɗari, likita ne ke rage shi a hankali. Ku tafi asibiti da robar a hannu. Ciwon gwiwar kuma likita ke duba shi, in ya ga dama ya sa a yi hoton ƙashi, kuma na Kano ga asibitin ƙashi na Dala nan.

Hajiya ta koma kujerarta, tana zuwa gashin ƙashi sau biyu a sati. Abin da ya fi damunta har yanzu shi ne maganar nan cewa ta raba mana ciwo. Jiya ma sai da ta tambaye ni ko gwiwata na ƙara idan na tashi.