Amalanken iccen ɗarin bana: sama marke, ƙasa ɗanyen dogon yaro

Masu tambayata labarin mutumin nan da ke kawo icce har ƙofar gida, ya haɗo ka da mai faskare a kuɗi ɗaya, ga abin da na gani. Suna dai ba zan kama ba, wanda ya sani ya sani.

Buƙata ce ta kai ni wurinsa. Maiɗakina ta sauka a farkon Disamba, ga wankan jego safe da yamma, ga Inna da ba ta iya alwalar asuba sai an ɗumama mata ruwa, da dare kuma sai an kai mata kasko ɗaki. Duk wanda ya ce tukunyar gaz za ta ɗauki wannan hidima bai taɓa tafasa ruwan mai jego ba. Sayen ƙulli-ƙulli a bakin hanya kuwa, kun san yadda ya koma bana a Maraɗi. Sai na ce ya kawo mini amalanke guda na busasshen marke, da ɗan sabara na kunna wuta. Ya ce, "Alhaji, ko ƙirya kake so akwai." Muka shirya, na biya.

Gaskiya bai saɓa lokaci ba, kuma da na ga lodin raina ya yi fari. Marke ne sosai, bakin kowane gungume ya tsattsage, ɓawo yana zubewa da kansa. Yaron amalanke ya juye a ƙofar gida ya kora jakinsa da sauri. Sai ga wani dattijo da gatari a kafaɗa, shi ne mai faskaren.

Wannan bawan Allah, in don shi ne, da na ce kowa ya je ya saya ido rufe. Ba ya kai sara sai ya juya gungume ya nemo inda ya fara tsagewa, can yake sa bakin gatari. In ya zo kan mai gaɓa ba ya kokawa da shi, wani guntun ƙarfe yake kafawa a tsagar ya doka da ƙeyar gatarin, sai ka ji ya buɗe. Yana yi yana warewa: manya na tukunyar wanka gefe, matsakaita na girki gefe, ɓarɓashi ya ce yara su tara a kwando don hura wuta.

Yana tsakar aiki na ji saran ya tsaya. Ya ce, "Ɗana, zo ka saurara." Ya ɗauki guda biyu daga na sama ya gwara, suka ce ƙwal. Ya jawo biyu daga ƙasan tulin ya gwara, suka ce dim. Ya miƙo mini ɗaya, nauyi kamar ba icce ba. Da ya tsaga, ciki jiƙe, ga warin ɗacin nan da ko yaro ya sani. Dogon yaro ne ɗanye, an shafe bakinsa da ƙasa don ya yi kama da tsoho. Muka bi tulin kaf, abin da ya fi rabi duk shi ne. An yi mini lodin kwandon tumatir ke nan.

Na kira mai iccen. Bai musa ba, sai ya shiga karanto mini wahalar sana'a: dajin Baban Rafi da ke yankin Madarumfa ya yi wuyar shiga saboda ƴan bindiga, ga ma'aikatan gandun daji a hanya, ga kuɗin takarda. Ban ƙaryata shi ba. Kowa ya san halin da yankin Madarumfa ke ciki, kuma tun 1992 da aka kafa kasuwannin icce na ƙauye ba a fitar da lodi sai da haraji. Amma me ya haɗa dogon yaro da Baban Rafi? Abin da ke can sabara ce da geza da ire-irensu. Dogon yaro ga shi nan jere a titunan gari, wani ne ya sassabe na ƙofar gidansa aka kwaso aka ɓoye mini a ƙarƙashin marke. Ni ba na raina icce don ba na daji ba ne. Rassan da manoma ke ragewa a gona ta hanyar sassabin zamani, wato renon itatuwan da ke tofowa da kansu maimakon a sare su, da su gidaje da yawa ke girki, kuma lafiya lau suke ci in sun bushe. Ka faɗa mini abin da ka kawo, ka yi mini kuɗinsa, shi ke nan. Mai iccen ya ce in yi haƙuri, zai ƙaro mini busasshe.

Don in ja marken ya kai mu, aka gwada haɗawa da ɗanyen a murhun wanka. Wutar sai tsuwa take, kumfa na fita ta gindin iccen, hayaƙi ya cika tsakar gida har ɗakin jaririya. Ruwan da ya kamata ya tafasa kafin a idar da sallar asuba, rana ta fito yana nan yana ɗumi. Gwaggo da ta zo yi wa maiɗakina wanka ta fito tana share hawaye ta ce, "Kai, mu ganyensa muke fyaɗa ruwa da shi, wa ya ce maka iccensa muke so?" Kaskon Inna kuwa ban yarda an sa ko guda ba. Marke kaɗai, shi ma sai ya zama jan garwashi a waje, kuma a bar taga a buɗe kaɗan, don garwashi a rufaffen ɗaki kisa yake yi ba tare da mutum ya farga ba.

Abin da ya cece mu jerin da dattijon ya yi ne. Ɗanyen ya faskara shi ƙanana fiye da sauran, ya shimfiɗa fasassun bulo, ya ɗora dogayen sanduna biyu, sannan ya jera a kai, layi ɗaya a miƙe, na bisa a gicciye. Ya bar tazarar kamu ɗaya tsakaninsa da katanga, ya zaɓi inda rana ke bugawa kuma iskar hunturu ke ratsawa, ya ce kada a rufa masa leda ko buhu. Ya barbaɗa toka kewaye saboda gara, ya gargaɗi yara su riƙa bubbuga icce kafin su ɗauka don kunama na son irin wurin. Kafin a gama arba'in iccen ya yi sauƙi a hannu, bakinsa ya tsage, yana ci ba laifi, ko da yake garwashinsa ba ya daɗewa irin na marke.

Har na fara cewa a bar maganar, tunda ba a yi asara duka ba. Sai na gamu da dattijon a hanyar babbar kasuwa, muka gaisa, na yi masa godiya. A cikin hira ya ce ai kuɗin faskaren nan har yau bai ga ko dala ba, kullum sai a ce masa gobe. Kuɗin da na riga na biya a cikin ciniki! Tsoho ya wuni yana sara cikin ƙura, shi ya gano ha'incin, wataƙila ma don ya gano ne aka riƙe masa haƙƙinsa. Na ba shi abin da ke aljihuna, na tambayi inda yake zama don in riƙa nemansa kai tsaye.

In kun ce sai kun saya a wurin mutumin nan, kada ku biya sai an juye lodin a gabanku kun gwara na ƙasa, kuma kuɗin mai faskare ku damƙa masa a hannunsa. Busasshen da aka ce za a ƙaro mini har yanzu bai zo ba, in na kira ma yanzu ba a ɗauka.